Sharhi: Sankarar Mama da Shekarun Mace, Darasi ga Jama'ar Jangebe, Talata Mafara, Bakura da Maradun

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, akan gudanar da gangami a manyan biranen ƙasar nan domin faɗakar da jama'a kan cutar sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono. A irin waɗannan tarurruka, shawarar da aka fi maimaitawa ita ce duk macen da ta kai shekara 40 ko 50 ta je a ɗauki hoton mamanta da na'urar mamogiram. Wannan shawara ce mai kyau, sai dai an tsara ta ne a ƙasashen da yawancin masu fama da cutar dattijai ne, kuma na'urar tana kusa da kowa. A namu ɓangaren, wajibi ne mu tambayi kanmu abin da wannan saƙo yake nufi ga mai goyo 'yar shekara 28 da ke Jangebe, ko ga tsohuwa 'yar shekara 70 da ke wani ƙauye na Maradun ko Bakura. Binciken likitoci ya tabbatar da cewa shekarun mace suna shafar yiwuwar kamuwa da cutar, da halin cutar kanta, da irin gwajin da ya dace, da maganin da za a bayar, har ma da abin da ake sa ran zai biyo baya. Wannan sharhi zai duba waɗannan al'amura ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da ya rataya a wuyan magidanta, da ma'aikatan lafiya, da hukumomi.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 an gano wannan cuta a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin 670,000. A Nijeriya, ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta wannan hukuma ta nuna cewa a wannan shekarar an samu sababbin masu cutar fiye da 32,000, yayin da fiye da 16,000 suka riga mu gidan gaskiya. Wato ke nan, a duk mata biyu da aka gano suna da cutar, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna nan da ransu bayan shekara biyar.

Wani bincike da aka buga a shekarar 2020, wanda ya bi diddigin mata masu cutar a Namibiya, da Afirka ta Kudu, da Yuganda, da Zambiya, da Nijeriya, ya gano cewa kashi 36 cikin 100 kawai na matan Nijeriya da ke cikin binciken ne suka kai shekara uku da rai bayan an gano cutar. Wannan shi ne adadi mafi ƙanƙanta a cikin ƙasashen biyar. An gudanar da ɓangaren Nijeriya na binciken ne a Aba da Owerri, ba a Arewa ba, amma babu wani dalilin da zai sa mu ɗauka cewa halin da muke ciki ya fi nasu sauƙi, ganin nisan asibitocinmu da ƙarancin ƙwararru. Babban dalilin wannan asara shi ne makara, domin bincike ya nuna cewa kimanin uku cikin huɗu na matan Afirka kudu da Sahara ba sa isa asibiti sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu.

Me ya sa masu cutar a nan suka fi ƙuruciya?

A Amurka, rabin matan da ake gano wa cutar sun haura shekara 62, kuma waɗanda ba su kai 40 ba ba su wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ba. A Nijeriya kuwa, wani babban bincike da aka yi a Ibadan kan mata 1,136 ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu bai wuce 47 zuwa 48 ba. Likitocin tiyata a Zariya, da Kano, da Sakkwato sun daɗe suna ganin mata da yawa masu cutar waɗanda ba su ma daina jinin al'ada ba.

A nan akwai kuskuren fahimta da ya kamata mu gyara. Wannan bambanci ba ya nufin cewa cutar ta fi son matasa a kan tsofaffi a ƙasarmu. A ko'ina a duniya, hatsarin kamuwa yana ƙaruwa ne yayin da shekaru ke ƙaruwa. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa a cikin mata 'yan shekara 30, kimanin ɗaya cikin 200 ce za ta kamu a shekaru goma masu zuwa, amma a cikin 'yan shekara 60, kimanin ɗaya ce cikin 28. Abin da ya sa masu cutar a nan suka fi ƙuruciya shi ne yanayin al'ummarmu. Fiye da rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 20 ba, kuma tsofaffi 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da Turai. Inda matasa suka yi rinjaye, dole su yi yawa a layin asibiti.

Dalili na biyu shi ne yawan haihuwa da doguwar shayarwa, waɗanda suke rage irin sankarar da ke zuwa bayan tsufa. Wani nazari da aka buga a shekarar 2002, wanda ya haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe 30, ya nuna cewa kowace haihuwa tana rage hatsarin da kimanin kashi 7 cikin 100, kuma kowace shekara guda ta shayarwa tana rage shi da kimanin kashi 4. Al'adarmu ta shayar da yaro har kusan shekara biyu kafin yaye, wadda addini ma ya ƙarfafa, garkuwa ce da bai kamata mu yi wasa da ita ba. Dalili na uku kuwa abin takaici ne: tsofaffi mata da yawa ba a kai su asibiti sam, saboda haka ba sa shiga lissafi.

Suna ɗaya, hali daban-daban

Kamar yadda manomin Bakolori ya san cewa shinkafa iri-iri ce, kowace da kwanakinta da ruwan da take buƙata, haka likitoci suka gano cewa sankarar mama ba cuta ɗaya ba ce. Idan aka ɗebi ɗan nama daga ƙullutun aka kai ɗakin gwaji, ana neman alamomi uku a jikin ƙwayoyin cutar. Biyu daga cikinsu ƙofofi ne da sinadaran mata, wato estirojin da furojestaron, suke shiga su ciyar da cutar. Ta ukun kuwa wata alama ce da ake kira HER2, wadda idan ta yi yawa take sa cutar saurin girma.

Nau'i na farko shi ne wanda ke rayuwa da sinadarin estirojin. Wannan sinadari tamkar taki ne gare shi, idan aka hana shi takin sai ya yi rauni. Tun a shekarar 1896 wani likita a birnin Gilasgo mai suna George Beatson ya lura cewa cire ƙwan mahaifar mace yana sa irin wannan ciwo ya ja da baya. A yau ƙwayar magani mai suna tamoxifen tana toshe wannan ƙofa, kuma shan ta na tsawon shekara biyar yana rage mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Wannan nau'i ya fi tafiya a hankali, kuma shi ne ya fi yawa a tsakanin matan da suka daina al'ada.

Nau'i na biyu shi ne mai yawan HER2, wanda yake kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar. A da yana cikin mafiya muni, amma tun da aka fara amfani da allurar trastuzumab a shekarar 1998 labarinsa ya sauya, ko da yake tsadar allurar ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Nau'i na uku shi ne wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin uku. Shi ba ya jin tamoxifen, ba ya jin trastuzumab, yana da saurin yaɗuwa, kuma babban makaminsa shi ne tiyata da allurar kemo. Wannan nau'i ya fi yawa a tsakanin mata matasa da kuma matan da asalinsu Afirka ta Yamma ce.

Wani bincike da aka buga a shekarar 2009 kan mata daga Nijeriya da Senegal ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suke da nau'in da ke jin estirojin. Daga baya masana suka gano cewa wani ɓangare na wannan sakamako ya samo asali ne daga yadda ake ajiye naman kafin gwaji. Idan aka bar naman ya daɗe kafin a saka shi cikin ruwan fomalin, ko kuma ya wuce kwana uku a ciki, alamar takan ɓace, sai a ce wa mace ba za ta amfana da tamoxifen ba alhali za ta amfana. Ƙa'ida ita ce a saka naman cikin fomalin kafin awa ɗaya, ya zauna daga awa 6 zuwa 72. Wannan ƙaramin al'amari ne a ido, amma ga yankin da dole a ɗauki nama a mota zuwa Gusau ko Sakkwato, yana iya raba tsakanin magani mai araha da rashinsa.

Matashiya da mai goyo

Idan cutar ta kama macen da ba ta kai shekara 40 ba, sau da yawa takan fi zafi. A wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mata kusan 3,000 waɗanda shekarunsu ba su wuce 40 ba, an tarar kusan kashi 60 cikin 100 suna da ƙwayoyin cuta masu saurin hayayyafa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ba sa jin estirojin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma suna da yawan HER2. Ko a cikin nau'in da ke jin estirojin, cutar ta fi yawan dawowa ga matashiya fiye da dattijuwa, domin ƙwan mahaifarta yana ci gaba da samar da sinadarin. Binciken ƙasashen Afirka biyar da muka ambata shi ma ya nuna cewa waɗanda ba su kai shekara 30 ba sun fi saurin rasuwa.

Gado ma yana da nasa tasiri. An gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 a shekarar 1994 da BRCA2 a shekarar 1995, waɗanda idan suka samu tawaya suke jawo cutar tun da ƙuruciya. Binciken Ibadan, wanda aka buga a shekarar 2018 tare da Farfesa Olufunmilayo Olopade, ya gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na matan suna ɗauke da tawayar gado, yawanci a waɗannan ƙwayoyi biyu. Ana iya gadon wannan ta wajen uwa ko ta wajen uba. Saboda haka gidan da uwa, ko 'yar'uwa, ko goggo, ko inna ta yi wannan ciwo da ƙuruciya, ko ta yi sankarar ƙwan mahaifa, ko kuma aka samu namiji da sankarar mama, ya kamata matan gidan su fara zuwa a duba su tun da wuri.

Abin da ya fi shafar mu a wannan yanki shi ne dangantakar cutar da haihuwa. Duk da cewa haihuwa tana bayar da kariya a ƙarshen rayuwa, a shekarun farko bayan kowace haihuwa hatsarin yakan ɗan ƙaru, kuma ciwon da ya bayyana cikin shekara biyar zuwa goma bayan haihuwa ya fi saurin yaɗuwa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mace a Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai. Ma'ana, daga aure har zuwa shekara 40 da wani abu, yawancin matanmu suna cikin ciki, ko jego, ko goyo. A irin wannan lokaci mama yakan cika ya yi tauri, kuma duk ƙullutun da aka ji sai a ce nono ne ya kwanta, ko maruru ne, a shiga gashi da ruwan zafi da shafe-shafe. Gaskiya ne cewa yawancin irin wannan kumburi ba sankara ba ne, hasali ma kusan tara cikin goma na ƙullutun mama ba sankara ba ne. Amma ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ko kumburi da jan da aka sha maganin asibiti mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ba na jira ba ne.

Ya kamata a sani kuma cewa na'urar mamogiram ba ta gani sosai a maman matashiya saboda kaurin namansa. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya, da hoton sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, sannan ɗibar nama da allura domin gwaji. Hoton sikanin ba ya cutar da ciki ko jariri. Ko da an tabbatar da cutar ga mai juna biyu, ba lallai ne a rasa cikin ba. Ana iya yin tiyata, ana kuma iya bayar da kemo bayan wata uku na farko, sai dai gashin na'ura da tamoxifen da trastuzumab ana jinkirta su sai an haihu, kuma ba a shayarwa a lokacin kemo. Haka nan, mata da dama sun haihu lafiya bayan kammala magani. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a shekarar 2023 ya nuna cewa matan da suka dakatar da ƙwayar maganin na ɗan lokaci bisa kulawar likita domin su haihu, ba a ga cutar ta fi dawo musu ba a shekarun farko da aka bibiye su. Muna jaddada wannan ne domin tsoron rasa haihuwa da tsoron mutuwar aure suna cikin manyan dalilan da ke sa matasa ɓoye ciwo.

Mutuwar irin wannan mace ba asarar mutum ɗaya ba ce. Masu binciken ƙasashen Afirka sun ƙiyasta cewa a duk mata 100 da cutar ta kashe kafin su kai shekara 50, ana barin marayu kimanin 210. Duk wanda ya ga yadda jariri ke tagayyara bayan rasuwar uwa ya san ma'anar wannan adadi.

Masu matsakaitan shekaru

Daga shekara 40 zuwa 60 ne aka fi samun masu cutar a asibitocinmu. A wannan zango abin da likita ke son sani shi ne ko mace ta daina al'ada ko ba ta daina ba, domin a kan haka zaɓin magani ya rataya. Tamoxifen yana aiki ga kowa. Amma akwai wani rukunin ƙwayoyi, irin su letrozole da anastrozole, waɗanda ba sa aiki sai ga wadda ta daina al'ada, ko wadda aka dakatar da aikin ƙwan mahaifarta. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa sayen magani a kyamis bisa kwatancen maƙwabciya yake da hatsari. Maganin da ya yi wa Hajiya aiki yana iya zama bai da amfani ga 'yarta.

A wannan rukuni ne kuma duba mata akai-akai ya fi bayar da sakamako. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya, an yi shekara 20 ana bibiyar mata fiye da 150,000, inda aka horar da ma'aikatan lafiya mata na matakin farko su riƙa duba mama da hannu duk bayan shekara biyu. Sakamakon da aka buga a shekarar 2021 ya nuna cewa an riƙa gano cutar da wuri, kuma a tsakanin matan da suka kai shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ba a yi amfani da wata na'ura mai tsada wajen binciken farko ba. Wannan darasi ne da ya dace da asibitocin shan magani na gundumominmu.

Iyayenmu tsofaffi

Ga macen da ta haura shekara 65 ko 70, yawanci cutar takan zo da sauƙin hali. Fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan mata a ƙasashen da ake gwaji sosai suna da nau'in da ke jin estirojin, wanda yake tafiya a hankali kuma yake amsa ƙwayar magani mai araha. Bincike a Amurka da Birtaniya ya nuna cewa tsohuwa mai ƙaramin ƙullutu na wannan nau'i tana iya wadatuwa da tiyata da ƙwayar magani, ba tare da gashin na'ura ba, kuma hakan bai rage tsawon kwananta ba.

Duk da haka, ko a ƙasashen da suka ci gaba, tsofaffi tukuf suna mutuwa da cutar fiye da masu matsakaitan shekaru. Dalili shi ne makara, da rage musu magani saboda shekaru kawai, da kuma wasu cututtuka irin su hawan jini da ciwon suga. A wajenmu kuma sai kunya ta ƙaru a kai. Uwa ba ta iya buɗe ƙirjinta ta nuna wa ɗanta, ba ta son ta ɗora wa iyali nauyi, idan kuma an gani sai a ce tsufa ne, a bar ta ta huta. Sai ciwo ya fashe ya fara wari sannan a nemi mota. Muna son jama'a su gane cewa sabon ƙullutu a maman wadda ta daina al'ada ya fi kusa da zama sankara fiye da na budurwa, kuma likita yana auna ƙarfin jiki ne, ba yawan shekaru ba. Tsohuwar da take iya zuwa rijiya da kasuwa tana iya jure tiyata. Ko wadda ba ta da ƙarfin tiyata, ƙwaya ɗaya a rana tana iya riƙe ciwon na tsawon lokaci, ta spare ta daga gyambo da raɗaɗi. A nan 'ya'ya mata, da surukai, da jikoki su ne idon gida.

Matakin da aka kama cutar ya fi komai

Bayan duk wannan bayani, kada wani ya fahimci cewa shekaru ne ke yanke hukunci. Matashiyar da aka kama ciwonta yana ƙarami, bai kai hammata ba, tana da kyakkyawan zaton warkewa ko da nau'in mai zafi ne. Tsohuwar da aka bari har ciwon ya kai ƙashi ko huhu ba za a iya warkar da ita ba ko da nau'in mai sauƙi ne, sai dai a rage mata wahala. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a shekarar 2021 ya tsaya kan abubuwa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaji cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da ƙullutu a mama ko kaluluwa a hammata, wanda galibi ba ya ciwo da farko, da lotsawar fata ko ta koma kamar ɓawon lemo, da shigewar kan nono ciki, da fitar jini daga kan nono, da gyambon da ya ƙi warkewa. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe ta jawo asarar rayuka masu yawa. Allurar ɗibar nama ba ta yaɗa cutar. Abin da ke ba ta damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa wajen sakiya, da tsaga, da jiƙe-jiƙe. Addininmu ya umurce mu da neman magani, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Halin da yankinmu yake ciki

Garin Talata Mafara yana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma babban asibitinsa shi ne mafi kusa ga jama'a da dama na wannan yanki. Daga nan akan tura marasa lafiya zuwa Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda yake da sashen kula da masu sankara. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, wanda yana cikin asibitocin farko da aka fara aiwatar da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankara marasa galihu a shekarar 2021. A shekarar 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar kula da masu sankara a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina.

Sai dai maganin wannan cuta ba na tafiya ɗaya ba ne. Kemo yakan ɗauki zagaye shida zuwa takwas, yawanci duk bayan mako uku, gashin na'ura kuma yana buƙatar zama kusa da asibiti na mako uku zuwa biyar. Duniya ta san sunan Jangebe ne a ranar 26 ga Fabrairu, 2021, lokacin da aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati, amma akwai wata ɓarnar rashin tsaro da ba a bayar da labarinta, wato matan da suka fasa zuwa asibiti saboda tsoron hanya, da iyalan da aka raba da gonaki da dabbobin da za su sayar su yi jinya. A farkon shekarar 2024 Mai Girma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, kuma muna ganin cewa wannan cuta ta cancanci gurbi bayyananne a cikin ayyukan da suka biyo bayan wannan mataki.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara, da Bakura, da Maradun tare da daraktocinsu na lafiya su tabbatar da cewa an horar da ma'aikata mata a kowace gunduma kan duba mama da hannu, kuma a sanya wannan cikin awon ciki, da duba masu jego, da ranakun rigakafin yara, domin a nan ne ake samun matasan mata. Tun da yawancin matanmu a gida suke haihuwa, a jawo ungozomomi a koya musu alamomin da ke buƙatar turawa asibiti.

Na biyu, a ware rana ta musamman ga matan da suka haura shekara 50, waɗanda ba su da dalilin zuwa awo, a kuma yi amfani da makarantun Islamiyya na matan aure wajen isar da saƙo. Na uku, kada a cire ƙullutu daga maman kowace mace, komai ƙuruciyarta, a zubar ba tare da an kai gwaji ba, kuma a tanadi fomalin da tsarin kai nama ɗakin gwaji a kan lokaci. Na huɗu, kowane asibiti ya buɗe rajista mai ɗauke da shekarun mace, da matakin cutar, da ranar da aka tura ta gaba, domin da alƙaluman kanmu ne za mu iya neman haƙƙinmu. Na biyar, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, da hukumar zakka da waƙafi, da masu hannu da shuni su duba batun kuɗin mota da masauki, wanda sau da yawa shi ne ke katse magani.

Muna kuma roƙon iyayen ƙasa, Mai Martaba Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun, tare da hakimai, da dagatai, da limamai, su yi wa magidanta magana kai tsaye. Mace ba ta fita sai da izinin mijinta, kuma sau da yawa ba ta da kuɗin mota sai daga hannunsa. Mijin da ya ce a bari sai bayan girbi yana iya mayar da ciwon mataki na biyu ya koma na uku. Abin alfahari ne cewa a shekarar 2024 an zaɓi Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, kuma ya dace jihar da sunan ɗaya daga cikin garuruwanta ya kai wannan matsayi ta zama abar koyi a wannan fage.

Kalmomi biyu ne suka fi cutar da matanmu a wannan al'amari. Idan matashiya ce sai a ce ai yarinya ce, ba ta kai yin wannan ciwo ba. Idan dattijuwa ce sai a ce ai ta tsufa, magani ba zai yi mata amfani ba. Ilimin likitanci ya ƙaryata duka biyun. Ta farko ita ce ta fi buƙatar gaggawa domin ciwonta ya fi sauri, ta biyun kuma ita ce ta fi samun sauƙin magani idan an kai ta da wuri. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya dawo mana da zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya, amin.